Ɗanki na mafarkin buga ƙwallo a Amurka? Tsaya ki ji labarin UConn

 Yau ba maganar zazzaɓin yara ko allurar rigakafi na zo miki da ita ba. Maganar ƙwallo ce, kuma ta wata ƙasa mai nisa. Kada ki ce babu ruwanki ki wuce, don wataƙila mai irin wannan mafarkin yana kwance a ɗakin samarin gidanki.

Makon jiya na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, maƙwabciyata ta yi sallama. Babban ɗanta yana aji biyu a babbar sakandare. Dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinta, kuma Allah ya ba shi iya ƙwallon kwando. Ta ce, "Sista, don Allah ki yi wa ɗan nan naki magana, ke yana jin nauyinki. Wai wani mutum ya ce zai samo masa gurbi a wata jami'a a Amurka, ƙwallo kawai zai riƙa bugawa. Tun ranar ya daina taɓa littafi. Na yi masa maganar WAEC, ya ce me zai yi da ita."

Na ce ta turo mini shi da yamma. Abin da na faɗa masa shi zan faɗa miki, don labari ne da na bi tun ina makarantar koyon aikin jinya, lokacin da ƙanena ya jawo ni cikin kallon wasannin jami'o'in Amurka. Da yake tsakar darenmu ne yammacinsu, mai aikin dare ba ta rasa ganin sakamako a waya idan majinyata sun yi barci.

Da farko ki sani, wasan jami'a a Amurka ba irin wasan motsa jiki na ƙarshen zango ba ne. Kasuwa ce babba. Filin wasan Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Gasar ƙwallon kwando ta maza da ake yi duk watan Maris tana tara ƙungiyoyi 68, wanda aka doke sau ɗaya ya koma gida. A 2010 gidajen talabijin suka amince su biya hukumar da ke kula da wasannin, wato NCAA, dala biliyan 10 da miliyan 800 don nuna wannan gasa kaɗai na tsawon shekara 14. Akwai dattawan da tun suna yara suke bin ƙungiyar jami'ar garinsu, wasu ma ba su taɓa zama a ajinta ba. Yadda mazajenmu ke fasa cin tuwo idan aka ci ƙungiyarsu, haka su ma.

Sai dai waɗanda ke cikin filin ɗalibai ne, kuma akwai doka a kansu. Kafin a bar yaro ya buga wa babbar jami'a wasa sai an duba sakamakonsa na sakandare, ana neman darussa 16 na asali irin su Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin makin da bai gaza abin da aka yanka ba. Ɗan ƙasar waje ma takardunsa na sakandare ake nema. Bayan ya shiga, dole kafin ya fara shekara ta uku ya zama ya kammala kashi 40 cikin ɗari na darussan digirinsa, kafin ta huɗu kashi 60. Idan ya gaza, benci zai zauna komai iyawarsa.

Wannan na mutum ɗaya ke nan. Akwai kuma na ƙungiya gaba ɗaya, wanda suke kira APR, ma'aunin ci gaban karatu. Lissafinsa ba wuya. Kowane ɗan wasa da ke kan tallafin karatu yana kawo wa ƙungiyarsa maki biyu a zango: ɗaya idan ya ci darussansa yadda ake so, ɗaya idan bai bar makarantar ba. Sai a tara abin da aka samu, a raba da abin da ya kamata a samu, a ninka da 1000. Idan matsakaicin shekara huɗu ya gaza 930, ana iya hana ƙungiyar shiga gasar ƙarshen kaka. Ɗauki ƙungiya mai 'yan wasa 13. A shekara mai zango biyu makinsu 52 ne. Su rasa huɗu kacal, sun koma 48, wato 923 a lissafin. Kin ga yaro biyu su watsar da karatu su tafi, sun isa su ja kowa ƙasa.

Abin da ya faru da Jami'ar Konetikat ke nan, wadda ake kira UConn.

A 2011 UConn ta ɗauki kofin ƙasa a ƙarƙashin kocinta Jim Calhoun. Jihar ƙarama ce, ba ta da ƙungiya a NBA, saboda haka wannan ƙungiya ta jami'a ita ce abin alfaharinsu. Ana cikin wannan murna, takardun karatu suna faɗin wani labarin daban. A shekarun da suka gabata 'yan wasa da dama sun bar makarantar karatunsu a lalace, makin ƙungiyar ya zube. A ƙarshen 2011 NCAA ta tsaurara dokar, aka auna UConn da makin da ta riga ta tara, aka ce ba za ta shiga gasar 2013 ba. Jami'ar ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita. Ita ce ta farko cikin manyan ƙungiyoyi masu suna da aka yi wa wannan hukunci saboda karatu kawai.

Nan fa magoya baya suka tashi. Hujjarsu ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce waɗanda suka jawo abin sun daɗe da tafiya. Yaran da ke ƙungiyar a 2013 yawancinsu suna zuwa aji, suna cin jarrabawa, makin shekarunsu ya tashi. Don me za a hana su abin da suka yi shekaru suna jira saboda sakacin waɗanda wasunsu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da su ba? Ta biyu, an canza doka bayan an riga an yi laifin. Ta uku kuwa irin wadda muka sani ce a kowane gida: "Ai ba mu kaɗai ba ne, su wane ma suna yi."

Ni hujjar farko ta taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Duk wadda ta taɓa shiga aiki ta tarar da ɓarnar da masu aikin safe suka bari, aka kuma yi mata faɗa a kai, ta san zafin wannan. Ɗan wasan jami'a kaka huɗu kawai yake da ita. A cire masa ɗaya, ba a mayar masa.

Sai ƙungiyar ta fara watsewa. Andre Drummond da Jeremy Lamb suka tafi NBA. Alex Oriakhi, wanda shekararsa ta ƙarshe ce hukuncin ya faɗa wa, ya koma Jami'ar Mizuri, aka kuma bar shi ya fara wasa nan take. Roscoe Smith ma ya sauya makaranta. A watan Satumba na 2012 Calhoun ya yi ritaya, aka miƙa ragamar ga Kevin Ollie, tsohon ɗan wasan makarantar.

Wasu suka zauna. Cikinsu akwai Shabazz Napier, yaron da mahaifiyarsa ta raina a wata unguwar talakawa ta Boston. Suka buga kakar nan suna sane da cewa ko sun cinye kowa, ranar da aka buga wasan ƙarshe na jadawali sai su kwashe kayansu. Duk da haka suka ci wasa 20, aka ci su 10. Watan Maris ya zo, suka zauna a ɗakunan kwana suna kallon wasu a talabijin.

Shekara ta zagayo, aka ɗage hukuncin. Ba wanda ya sa su a lissafi. A wasansu na farko a gasar 2014 ma saura kaɗan a kore su, sai wani sabon ɗalibi ɗan Gana, Amida Brimah daga Akra, ya jefa ƙwallon da ta kai su ga kunnen doki saura ƙasa da minti ɗaya. Daga nan ba su tsaya ba. Ranar 7 ga Afrilu, 2014, suka doke Jami'ar Kentaki 60 da 54 suka ɗauki kofi. Da aka miƙa wa Napier abin magana a gaban duniya, sai ya ce ga abin da ke faruwa idan aka hana su wasa. Magoya baya suka yi ta ihu, don ya faɗi abin da ke cin ransu shekara biyu.

Abin da aka fi yaɗawa ke nan. Wanda ba a cika faɗa ba, kuma shi na fi riƙewa, shi ne bayan 'yan makonni Napier ya sa rigar kammala karatu ya karɓi digirinsa, alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Ita ba kofi ta roƙe shi ba.

To a nan ne nake rabuwa da magoya baya. Sun yi gaskiya da suka ce sanda ta faɗa kan waɗanda ba su yi laifi ba. Amma ina suke lokacin da waɗancan yaran na baya ke fita daga makarantar hannu rabbana? Babu wanda ya yi zanga-zanga a kansu. Ba a ji kukan kowa ba sai da aka taɓa kakar wasa. Kuma gaskiya mai ɗaci ita ce, sai da aka taɓa kakar wasan sannan karatun 'yan wasa ya zama abin da kowa a makarantar ke sa wa ido. Ba don makarantar ba ta iya ba ne. A wannan UConn ɗin Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci kofin 2004, ya kuma gama digirinsa a fannin harkar kuɗi cikin shekara uku, sannan aka ɗauke shi na biyu a zaɓen NBA.

Idan kina son ganin yadda son ƙungiya ke rufe ido, ga Minesota. Ranar 10 ga Maris, 1999, ana gobe ƙungiyar jami'ar za ta buga wasanta na farko a gasar ƙasa, jaridar St. Paul Pioneer Press ta buga labarin wata ma'aikaciyar ofis da ta ce ita ta rubuta wa 'yan wasa kusan 20 ayyukan aji fiye da 400 cikin shekaru. Aka dakatar da 'yan wasa huɗu, ƙungiyar Gonzaga ta doke su, kaka ta ƙare. Wa kike zaton mutane suka fara zagi? Jaridar. Ɗaruruwa suka daina sayenta, har gwamnan jihar na lokacin, Jesse Ventura, ya soki ranar da aka zaɓa aka buga labarin. Daga baya bincike ya tabbatar da maganar, kocin ya rasa aikinsa, aka goge nasarorin shekaru daga littafin tarihi, ɗan jaridar kuma ya samu kyautar Pulitzer. Na san wannan halin. Irinsa ne na uwar da malami ya kama ɗanta da satar amsa, ta ɗauki mayafi ta tafi makaranta yin faɗa da malamin.

Kada kuma ki ɗauka dokar ta gyara komai. Idan aka ce maki ne zai buɗe ƙofar gasa, wasu karatu za su gyara, wasu kuma makin za su gyara. A Jami'ar Karolina ta Arewa, ɗaya daga cikin makarantun gwamnati mafi daraja a Amurka, wani rahoton bincike na 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai kusan 3,100 sun yi rajistar darussan da ba a shiga aji a cikinsu. Takarda ɗaya za ka rubuta ka miƙa, wata ma'aikaciyar ofis da ba malama ba ta sa maka maki mai kyau. Kusan rabin ɗaliban 'yan wasa ne. Abin da ya ƙara ɓata mini rai, a sashen nazarin Afirka da baƙaƙen fatan Amurka aka yi wannan, har da darussan Swahili. A 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta makarantar a kan darussan ba, tunda ba 'yan wasa kaɗai suka amfana ba, kowane ɗalibi na iya shiga. A wannan shekarar ma su suka ɗauki kofin ƙasa. Sai ki auna: wadda ta bari aka ga faɗuwar yaranta a takarda ta rasa kaka guda, wadda takardunta suka fito fes ba ta rasa komai a fili ba. Idan mai goyon bayan UConn ya ce an yi son kai, ba zan ce masa ƙarya yake yi ba.

Haka kuma yawancin waɗanda wannan hukunci ke faɗa wa ba masu suna ba ne. Ƙananan makarantu ne marasa kuɗi, da yawa cikinsu tsofaffin jami'o'in baƙar fata na kudancin Amurka, waɗanda ba su da halin ɗaukar malaman da za su riƙa bin kowane ɗan wasa da darasin ƙari. Su idan aka hana su gasa ko a labarai ba a cika ji ba.

Amma duk wannan rigimar manya ce. Ke uwa, ga inda maganar ta shafe ki.

Akwai wani mutum, Kevin Ross. Shekara huɗu ya yi yana buga wa Jami'ar Creighton ƙwallon kwando. Da ya fito a 1982 ba ya iya karatu sai irin na ɗan firamare. Ƙato mai tsayin da ya haura mita biyu ya je wata makarantar yara a Shikago ya zauna cikin ƙanana yana koyon haɗa baƙi. Akwai kuma Dexter Manley, tauraron ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma a ruga da ita. Ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma, ya ci babban kofin ƙwararru sau biyu, sannan a 1989 ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka yana hawaye yana cewa duk shekarun nan bai iya karatu ba. Waɗannan biyun ba a taɓa hana su wasa saboda karatu yadda zai sa a tsaya a duba su ba. Kowa ya ji daɗin kallonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 2021 an ba 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu, wasu ma suna samu sosai, amma babu kuɗin da ke koya wa mutum karanta takardar yarjejeniyar da zai sa wa hannu.

NCAA da kanta tana cewa waɗanda ke zama ƙwararru cikin 'yan wasan jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. NBA mutum 60 take zaɓa a shekara, daga duniya gaba ɗaya. Ni kuma a wurin aiki na ga abin da lissafin bai faɗa ba. Akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Tsalle ɗaya aka sauka a karkace, ta tsinke. Ko an yi tiyata mai kyau, ana ɗaukar wata tara zuwa shekara kafin a koma fili, wasu kuma ba sa dawowa yadda suke. Na sha ganin samari a gado, ƙafa a naɗe, uwa a gefe da kwanon abinci. Wanda ke da takarda a hannu da wanda ba shi da ita, ko yadda suke kallon silin ɗakin ba iri ɗaya ba ne.

Ba cewa nake ki hana ɗanki wasa ba. Hanyar gaskiya ce, yaran Afirka da dama sun bi ta sun yi karatu kyauta. Hakeem Olajuwon daga Legas ya tafi Jami'ar Houston. Amma duk mai ce wa ɗanki ƙwallo kawai zai buga, ko dai bai san tsarin ba, ko kuma kuɗinki yake hange. Ki tambaye shi sunan makarantar. Ki ce ya nuna miki takardar da makarantar ta rubuto da kanta. Ki tambaye shi wane sakamakon sakandare ake nema. Idan ya fara kame-kame ya koma maganar kuɗin fom da na biza, ki ɗaure bakin jakarki.

Da yamma yaron ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, uwarsa na zaune a bakin tabarma. Na ba shi labarin nan tun daga 2011 har daren da aka doke Kentaki. Da na zo wurin Brimah sai ya gyara zama, ya ce, "Anti, ɗan Gana fa kika ce?" Na ce ɗan Gana. Ya tambayi inda Napier ya ƙare, na ce ya buga NBA na wasu shekaru sannan ya koma ƙungiyoyin Turai. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai ba zai zama cikin waɗanda za su ja ƙungiya ƙasa ba.

Na ce madalla. Na yago takarda daga littafin da nake rubuta jadawalin aikina, na miƙa masa biro. Na ce ƙungiyarku tana da maki 52, kun rasa huɗu, ka fitar mini da makinku bisa 1000, ka gaya mini ko za ku shiga gasa.

Ya kai hannu aljihu zai ciro waya. Uwarsa ta riga shi, ta karɓe ta, ta sa a ƙarƙashin cinyarta.